Iyakar saƙo da adireshin mai aikawa: abin da ake taɓawa idan an sake fasalin soket na datagiram

Laburaren sadarwa da ya daɗe ana aiki da shi yakan wayi gari da hanyoyi biyu na yin abin da ido ke ɗauka abu ɗaya ne. Akwai hanyar tsinto saƙonni daga bayanan da ke shigowa ta TCP, ƙa'idar intanet mai kai bayit a jere kamar kwararar ruwa, akwai kuma wata dabam don UDP, mai kai su ƙunshi-ƙunshi da ake kira datagiram, kowace da nata sunaye da nata ƙa'idoji. Wanda ya rubuta kodek, wato ɓangaren da ke mayar da tsurar bayit zuwa saƙo mai ma'ana ya kuma mayar da saƙo zuwa bayit, sai ya sake rubuta shi daga farko idan yana son ya yi aiki a ɗaya gefen. Daga nan wani cikin masu kula da laburaren zai kawo shawarar a haɗe fuskokin biyu, wato hanyoyin nan biyu da laburaren ke miƙa wa masu rubuta manhaja, kodek ɗaya ya wadatar.

Shawarar tana da kyau, kuma ina bayanta. Sai dai haɗewar tana da wurin da take tsayawa. Aikin fassara bayit iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu, don haka ya cancanci a haɗe shi. Amma iyakar saƙo, da adireshin wanda ya aiko shi, da ma'anar kuskure, waɗannan ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan, kuma duk fuskar da ta ɓoye bambancinsu tana tara wa masu amfani da ita matsalar da ba za su gani ba sai manhajarsu ta fara aiki da jama'a.

Abin da tsarin aiki ke miƙo wa manhaja

Tun daga 4.2BSD, wata sigar tsarin aiki na Unix, a 1983, mai rubuta manhaja yana zaɓar irin soket ɗinsa, wato ƙofar da manhaja ke aikawa da karɓar bayanai ta cikinta, a lokacin buɗe shi: SOCK_STREAM ko SOCK_DGRAM. Na farko shi ne wanda TCP ke hawa. Alkawarinsa shi ne bayit za su iso duka, bi da bi, ba maimaici. Abin da bai yi alkawari ba shi ne kiyaye yadda mai aikawa ya rarraba su. Idan ka rubuta bayit 100, ka sake rubuta 50, mai karɓa na iya samun 150 a karatu ɗaya, ko 30 sannan 120. Saboda haka dole masu magana ta TCP su ƙirƙiro wa kansu alamar inda saƙo ya ƙare. Wasu suna sa tsawon saƙon a gabansa, kamar yadda DNS, tsarin da ke nemo adireshin kwamfuta daga sunanta, ke sa bayit 2 na tsawo idan ya bi ta TCP. Wasu suna sa alamar sabon layi a ƙarshe. Kowane yanki da aka tsinto ta haka shi ne firam.

UDP kuwa, mai hawa SOCK_DGRAM, wanda Jon Postel ya bayyana a takardar ƙa'ida ta RFC 768 a watan Agusta na 1980, kansa bayit 8 ne kacal: lambar tashar mai aikawa, lambar tashar mai karɓa, tsawo, da lambar tantancewa. Kira ɗaya na sendto yana fitar da datagiram ɗaya, kira ɗaya na recvfrom yana ɗauko ɗaya. Kamar wasiƙa ce a ambulan: ko ta iso a rufe da adireshin mai aikawa a bayanta, ko ta ɓata a hanya, ko ta riga wadda aka fara aikawa isowa, amma ba za a taɓa kawo maka rabinta manne da rabin ta wani ba. Tsarin aiki da kansa ne ke riƙe da iyakar.

To, idan iyakar tana nan, me ake yi da kodek a kan datagiram? Dalili na farko, har yanzu ana buƙatar mayar da bayit zuwa abin da manhaja ke ganewa. Na biyu, datagiram ɗaya na iya ɗauke da saƙo fiye da ɗaya. StatsD, wanda ake tura masa ƙididdigar aikin manhajoji, yana karɓar ma'aunai da yawa a datagiram ɗaya, kowane a layinsa. QUIC, tsarin sadarwa da ke hawa kan UDP, wanda RFC 9000 ya tsayar a watan Mayu na 2021, ya yarda a jera fakiti da dama a cikin datagiram guda. Ke nan iyaka biyu ce: ta waje wadda tsarin aiki ke bayarwa, da ta ciki wadda kodek ke nemowa. Duk rikicin sake fasalin nan yana tsakanin waɗannan biyun.

Tsohuwar fuska da sabuwa

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na Tokio, laburaren sadarwa na harshen Rust. A zamanin tsohuwar sigarsa, tokio-core, UDP na da yarjejeniyarsa ta musamman mai suna UdpCodec, da ayyuka biyu:

fn decode(&mut self, src: &SocketAddr, buf: &[u8]) -> io::Result<Self::In>;

fn encode(&mut self, msg: Self::Out, buf: &mut Vec<u8>) -> SocketAddr;

Waɗannan layuka biyu suna faɗin abubuwa da yawa ga wanda ya tsaya ya karanta su. Ana miƙa wa kodek adireshin mai aikawa tare da bayit ɗin. Ana miƙa masa datagiram ɗin gaba ɗaya, kuma ba shi da damar cewa a ƙaro masa: ko ya fitar da saƙo, ko ya ce kuskure. A wajen aikawa, shi ne ke faɗin inda za a kai saƙon, kuma babu ƙofar da zai bi ya ce ya kasa. Fuska ce da ta san UDP sosai. Aibinta shi ne ba ta san komai ba sai UDP. Kodek ɗin layuka da aka riga aka rubuta aka gwada don TCP ba zai shiga nan ba.

Daga baya aka ajiye UdpCodec, aka sa UdpFramed, ɓangaren da ke haɗa soket na UDP da kodek, ya riƙa aiki da Decoder da Encoder, waɗanda TCP ma ke aiki da su. Adireshi ya fita daga cikin kodek, ya koma gefe: abin da ke shigowa tagwaye ne, saƙo da adireshin wanda ya aiko, abin da ake turawa ma saƙo ne da adireshin inda za shi. Aikin fassara ya koma haka:

fn decode(&mut self, src: &mut BytesMut) -> Result<Option<Self::Item>, Self::Error>;

Fitar da adireshi daga kodek daidai ne. Yadda ake karanta tambayar DNS bai dogara da wanda ya yi ta ba. Abin da za a yi da tambayar ne ya dogara da shi, wannan kuwa aikin manhaja ne, ba na mai fassara ba. Kodek da bai san adireshi ba ya fi sauƙin gwadawa, domin bayit kawai za ka ba shi ka duba abin da ya fitar, ba sai an buɗe soket ba.

Amma a lura da kalmar Option da ta shigo, wadda ke ba kodek damar mayar da None, wato babu saƙo. A nan ne nake so a daɗe.

Sauran bayit da ba su cika saƙo ba

Idan kodek ya mayar da None a kan TCP, cewa yake yi abin da ke mazubi, inda ake tara bayit da suka shigo, bai isa ba, a karanto ƙari a ɗora a kai. Wannan magana ce mai ma'ana a can, domin ƙarin zai zo, kuma daga mutumin nan ɗaya zai zo, ci gaban abin da ya fara faɗa. A kan UDP ƙarin ba zai taɓa zuwa ba. Datagiram na gaba sabon saƙo ne, kuma mai yiwuwa daga wata kwamfuta dabam a wata nahiya.

A ɗauki soket mai karɓar ƙididdiga irin ta StatsD. Kwamfuta ta farko ta aiko da datagiram mai layi biyu, na biyun ba shi da alamar sabon layi a ƙarshe:

shiga:1|c (sabon layi) fita:1|c

Kodek ɗin layuka ya fitar da layin farko. Da ya zo na biyu bai ga alamar ƙarshe ba, sai ya ce None. Idan wanda ya sake fasalin ya kwafo madaukin TCP, wato zagayen karatu da fassara da ake maimaitawa, yadda yake, zai bar fita:1|c a mazubi ya koma ya jira. Sai kwamfuta ta biyu ta aiko da kuskure:5|c da alamar sabon layi. Abin da manhaja za ta karɓa shi ne fita:1|ckuskure:5|c, layi ɗaya, ɗauke da adireshin kwamfuta ta biyu. An yi asarar ma'aunai biyu, an kuma jingina wa wani maganar da bai yi ba. A ƙididdiga wannan ɓarna ce ƙarama. A tsarin da ke yanke hukunci bisa adireshin mai magana, ƙofa ce da duk wanda ya iya aika datagiram zai iya cusa bayit ɗinsa a gaban saƙon wani.

Maganin shi ne a ɗauki ƙarshen kowane datagiram a matsayin ƙarshen bayanai gaba ɗaya. Decoder na da aiki na biyu, decode_eof, wanda ake kira idan an tabbatar babu abin da zai ƙaru. UdpFramed na tokio-util shi yake kira, yana maimaitawa har kodek ya ce babu saura, sannan ya share mazubin kafin ya karɓi datagiram na gaba. Da haka kodek ɗin layuka zai fitar da fita:1|c a matsayin cikakken layi, da adireshin mai shi. Kodek da bai rubuta nasa decode_eof ba kuwa, idan bayit suka rage waɗanda ba su cika saƙo ba, kuskure zai fito, wanda shi ne gaskiyar abin da ya faru.

Sai dai share mazubi rabin aikin ne. Kodek da yawa suna riƙe da tunani a cikinsu, ba a mazubi ba. Kodek mai karanta tsawo a gaba yakan yi aiki a mataki biyu: ya karanta kan saƙo ya cire shi daga mazubi, ya rubuta a ransa cewa yana jiran bayit kaza, sannan ya jira jikin. Yanzu wani ya aiko da datagiram mai bayit 4 kacal, masu cewa jikin saƙo bayit 100 ne, ba tare da jikin ba. Kodek ya cinye kan, mazubi ya zama fanko, babu abin da za a share, babu kuskuren da zai fito. Amma yana nan yana jiran 100. Datagiram na gaba, na mutumin kirki, za a ɗauki bayit 100 na farkonsa har da kansa a matsayin jikin saƙon da aka fara. Babu layi ɗaya a cikin kodek ɗin da ya yi laifi bisa ƙa'idar TCP. An dai kai shi inda ƙa'idarsa ba ta aiki.

Saboda wannan nake ganin duk wanda ke sake irin wannan fuska ya kamata ya ba iyakar datagiram matsayi a cikin yarjejeniyar kanta. Hanyoyin suna da dama. Ana iya ƙara aikin da ke cewa kodek ya manta da komai, a riƙa kiransa bayan kowane datagiram. Ana iya ƙirƙirar sabon kodek ga kowane datagiram idan ƙirƙirarsa ba ta da tsada. Ana iya ware wata alama da kodek zai ɗauka don shaida cewa ba ya tsallaka iyaka da tunaninsa, soket na datagiram ya ƙi karɓar wanda ba shi da ita. Ta ukun ta fi burge ni, domin tana mayar da matsalar zuwa lokacin harhaɗa manhaja, inda gyara ke da arha. Abin da bai kamata ba shi ne a rubuta gargaɗin a takardun bayani kawai a ce an gama.

Akwai tsare-tsaren da da gaske suke raba babban saƙo a kan datagiram da yawa, su sake haɗa shi. Waɗannan suna buƙatar tunani na kowane abokin magana dabam, da lambar jeri, da wa'adin jira, da iyakar yawan abokan da za a riƙe wa tunani, tunda adireshin mai aikawa a UDP abu ne da ake iya ƙirƙira na ƙarya. Wannan bene ne na sama, bai kamata a cusa shi cikin kodek ɗaya da kowa ke rabawa ba.

Kuskure, da wanda ya jawo shi

A kan TCP, idan kodek ya gamu da abin da bai gane ba, yawanci magana ta ƙare. An rasa inda saƙo na gaba zai fara, don haka rufe haɗin shi ne abin yi, kuma mutum ɗaya ne abin ya shafa. Soket na UDP da ke sauraro a tasha ta 53, tashar DNS, kuwa yana yi wa dubban masu tambaya hidima. Idan datagiram ɗaya mara kyau zai iya tsayar da shi, to kowa a intanet yana da makunnin kashe sabar. Don haka kuskuren fassara a nan labari ne game da datagiram ɗaya: a yar da shi, a ƙirga shi, a ci gaba. Dole fuskar ta faɗa a fili cewa bayan kuskure ana iya ci gaba da karatu, kuma dole ta tabbatar an zubar da ragowar wancan datagiram ɗin, in ba haka ba kira na gaba zai sake cin karo da bayit ɗin nan ya sake fitar da kuskuren nan ba iyaka.

Ga wani abu da tsarin tagwaye ke yarwa ba tare da an lura ba. Idan abin da ke fitowa shi ne ko nasara mai ɗauke da saƙo da adireshi, ko kuskure shi kaɗai, to a daidai lokacin da aka fi buƙatar sanin wanda ya aiko, adireshin ya ɓace. Mai kula da saba zai ga dubban kurakurai a rajista bai san daga ina suke ba, ba zai iya toshe mai aikowa ba, ba zai iya gaya wa abokin aikinsa cewa manhajarsa ce ke turo shara ba. Tsohuwar UdpCodec ba ta da wannan matsalar, tunda adireshin yana hannun kodek. Gyaran ba wuya: ko adireshin ya kasance a waje, sakamakon fassara a ciki, ko nau'in kuskuren ya ɗauki adireshi. Amma sai an yi tunaninsa tun farko, domin sauya shi daga baya karya manhajojin mutane ne karo na biyu.

Kurakuran soket ɗin kansa ma ba ɗaya suke da na TCP ba. Idan aka kira connect a kan soket na UDP, babu wata gaisuwa da ke fita kan waya, tsarin aiki ne kawai ke riƙe adireshin abokin magana ya tace saura. Amma daga nan, idan aka aika zuwa tashar da ba kowa, saƙon ICMP da ya dawo, mai sanar da cewa ba kowa a tashar, yakan fito a matsayin ECONNREFUSED a kira na gaba. A Windows, ko soket ɗin da ba a haɗa ba yana iya fitar da WSAECONNRESET a wajen karɓa saboda wani datagiram da aka aika a baya. Soket ɗin lafiyarsa ƙalau a duk halin biyu. Madaukin da aka gado daga TCP zai ga sunan kuskuren ya rufe komai.

Haka batun sifili. A TCP, karatun da ya dawo da bayit 0 yana nufin ɗaya gefen ya rufe. A UDP datagiram mara komai a ciki halas ne, kuma soket ba shi da ƙarshe sam. Sai kuma yankewa: idan mazubin da aka miƙa wa recvfrom bai kai girman datagiram ba, ana zubar da abin da ya rage, ba a ajiye shi don kira na gaba. Linux na nuna hakan da tutar MSG_TRUNC ga wanda ya duba, Windows na fitar da WSAEMSGSIZE. Mafi girman abin da UDP ke ɗauka a kan IPv4 bayit 65,507 ne, shi ya sa mazubin karatu na kilobayit 64 ya zama abin da aka saba. Idan sabuwar fuska ta ba mutane damar rage shi don tsimin ƙwaƙwalwa, to ta gaya musu duk lokacin da aka yanke, kada kodek ya karɓi guntu yana zaton cikakke ne.

Gefen aikawa

Nan maganar gajeriya ce. A TCP ana tara saƙonni da yawa a mazubi ɗaya a tura su tare, hakan ma riba ce. A datagiram kowane saƙo da inda za shi, don haka ba a gama su sai mai kira ya nema da kansa. Saƙo ɗaya, datagiram ɗaya, kuma ko ya fita duka ko bai fita ba. Abin da ya rage shi ne girma. A kan Ethernet mai ɗaukar bayit 1500, abin da ke saura wa UDP a IPv4 shi ne 1472, abin da ya haura haka sai an farfasa shi a matakin IP, kuma ɓatan yanki ɗaya ɓatan duka ne. Shi ya sa DNS na asali ya tsaya a 512, QUIC kuma ya gina kansa a kan 1200. Encoder da zai iya cewa ya kasa, wanda tsohuwar fuska ba ta da shi, shi ne wurin da ya dace a tsayar da saƙon da ya wuce iyaka.

Wa ke da soket, kuma wane irin adireshi?

Yawancin manhajojin UDP suna karɓa a wani aiki suna aikawa a wani, a kan soket ɗaya. Tsarin aiki bai hana ba. Idan fuskar ta haɗiye soket ɗin ta mallake shi ita kaɗai, sai an ƙirƙiro hanyar raba ta gida biyu da hanyar sake haɗawa. Tokio ya sauƙaƙa wannan da ya sa ayyukan aikawa da karɓa na UdpSocket suka daina neman mallakar soket su kaɗai, UdpFramed kuma ya karɓi duk abin da za a iya aron soket daga gare shi, har da wanda aka raba ta Arc, hanyar Rust ta raba mallakar abu ɗaya. Ribar a fili take. Abin lura ɗaya: masu aikawa da yawa ba matsala, amma masu karɓa biyu a soket ɗaya raba datagiram za su yi tsakaninsu, kowane ya samu wasu, ba kowa ya samu duka ba.

Sannan UDP ba shi kaɗai ne datagiram ba. Soket na Unix ma yana da SOCK_DGRAM, inda adireshi hanyar fayil ce, kuma mai aikawa na iya zama ba shi da suna ko kaɗan, ta yadda ba za a iya mayar masa da amsa ba. Harshen Go ya warware wannan da net.PacketConn, mai ReadFrom da WriteTo, inda adireshi yarjejeniya ce da kowane irin soket ke cikawa da nasa. Laburaren da ke son fuska ɗaya ga UDP da Unix sai ya bar nau'in adireshi ya zama abin da soket ke faɗa. Soket da aka haɗa da abokin magana ɗaya kuwa ba ya buƙatar adireshi a kowane saƙo, kuma tilasta wa mai kira ya riƙa maimaita shi yana buɗe tambayar me zai faru idan ya ba da wani dabam. Na fi son a ba wannan nau'insa na kansa.

Tagwaye ba sa girma

Saƙo da adireshi sun isa ga ƙaramar manhaja. Amma datagiram yana zuwa da wasu bayanai a gefensa. Sabar da ke da adireshi fiye da ɗaya tana buƙatar sanin wanne aka aiko wa, don ta amsa daga shi, wannan kuwa ta IP_PKTINFO ake samu. QUIC na son ganin alamun cunkoso na ECN da ke kan IP. Ga kuma batun sauri: Linux ya kawo recvmmsg a 2.6.33 da sendmmsg a 3.0 don a ɗauki datagiram da yawa a kira ɗaya, ya kawo UDP_SEGMENT a 4.18 don a miƙa babban mazubi tsarin aiki ya yayyanka shi, sannan UDP_GRO a 5.0 don a haɗa su wajen karɓa. Da GRO, karatu ɗaya na iya ƙunsar datagiram da dama a jere, sai an san tsawon kowane kafin a raba su. Wato ko zancen nan na karatu ɗaya datagiram ɗaya ya daina zama tabbas, kuma dole a raba su kafin kodek ya gan su, in ba haka ba duk matsalar iyaka ta dawo ta bayan gida.

Wasu masu rubuta QUIC a Rust sun ƙare da gina nasu benen na UDP, quinn-udp, inda kowane karatu ke zuwa da bayanin adireshi, tsawo, tazarar yanka, ECN da adireshin da aka nufa. Ba ina cewa kowane laburare ya ɗauki wannan nauyin ba. Abin da nake cewa shi ne, tunda an riga an yanke shawarar karya fuska, a bar wa gaba ƙofa. Ba a iya ƙara na uku a kan tagwaye ba tare da an karya duk wanda ke warware su ba. Tsari mai filaye masu suna, wanda aka yi wa alamar non_exhaustive da Rust ya kawo a 1.40, ana iya ƙara masa fili shekara mai zuwa ba wanda zai ji. Netty na Java tun da can yana naɗe bayanai da adireshin mai aikawa da na mai karɓa a cikin DatagramPacket. Gaskiya ne tagwaye sun fi daɗin rubutawa a misalin layi biyar, amma laburare ba don misalin layi biyar ake gina shi ba.

Yadda ake kai mutane sabon wuri

Sauyin da ke hana manhaja harhaɗuwa yana ɓata rai, amma ba shi ne mai haɗari ba. Mutum zai ga jan rubutu, ya karanta bayani, ya gyara. Mai haɗarin shi ne wanda manhaja ke harhaɗuwa lafiya amma halinta ya sauya: jiya datagiram ɗaya saƙo ɗaya yake bayarwa, yau yana bayar da uku, jiya ragowar bayit ana yar da su shiru, yau kuskure ne, jiya kuskure yana tsayar da karatu, yau ana wucewa. Kowane cikin waɗannan na iya zama gyara na gaskiya, amma wani yana can ya gina manhajarsa a kan tsohon halin. Idan hali ya sauya, gara suna ma ya sauya, ko lambar babbar siga ta ƙaru, don mutum ya tsaya ya duba.

A bar tsohuwar fuska ta zauna na ɗan lokaci da alamar cewa za a cire ta, a kuma rubuta ƙaramar gada da ke naɗe tsohon kodek ya yi aiki a sabon tsari. Rubuta gadar ma jarrabawa ce ga sabon fasalin: idan akwai abin da tsohon ke iya yi wanda gadar ta kasa ɗauka, kamar kodek da ke duba adireshi kafin ya fassara, to an gano abin da aka yar, sai a yanke shawara a kansa da ido buɗe.

Gwaje-gwajen da suka fi amfani a rubuta su kafin a taɓa komai, a gudanar da su a kan tsohuwar fuska don a san ainihin halinta, ba wanda ake zato ba. Ba masu wuya ba ne, soket biyu ko uku a kan kwamfuta ɗaya sun isa. A aika datagiram mara komai a ga ko karatu ya ci gaba. A aika mai saƙo uku a ga ko duka ukun sun fito da adireshi ɗaya. A aika shara, a bi ta da saƙo mai kyau. A aika wanda ya fi mazubi girma. A aika zuwa tashar da ba kowa sannan a karanta, a Linux da Windows duka. Wanda ba a so a manta shi ne na masu aikawa biyu: na farko ya turo kan saƙo ba jiki, na biyu ya turo cikakken saƙo, a tabbatar na biyun ya fito daidai yadda aka aiko shi, da adireshin mai shi, na farkon kuma ya fito a matsayin kuskure mai ɗauke da nasa adireshin.